Kwalliyar Matan Garka

Maigidana Bukar,

Gaisuwa mai yawa. Ina gajiya, ina iyali, yaya kasuwar hannun jarin taka?

Masu ɗaukar sinimar da ka turo sun iso garkarmu ta cikin kwari, don duniya ta ga yadda rairayi ke binne ta, a kawo mana ɗauki. Mu kuwa muka sha lalle, muka ɗauro zannuwan Sallah! Babbansu ya ce, "Iya, wa zai tausaya muku a haka?" Na ce, "Ɗana, ɗauki rairayin, shi ne mai laifi."

Tun ranar nake mafarkin dabinon kakanka ya farfaɗo, kore shar, ina kishingiɗe a inuwarsa. Kada ka yanke kwalliyata daga sinimar, amma ka hanzarta, rairayi ya kai bakin rijiya.

A sa mu a addu'a, a gaida yara.

Kakarka Yagana, Gure