Zalɓen da Ka Bar Mini

Aminina Bala,

Assalamu alaikum. Na san takardar nan ba za ta same ka ba, amma wa ya rage da zai saurari irin wannan magana?

Council, hukumar unguwa, sun karɓe gidan hayata na Deptford, nan ƙasar Turawa. Yanzu ina Barking, a ɗakin ƙasa na gidan 'yata Hafsatu. Littattafan da muka ƙarar da ƙuruciyarmu a kansu sun tafi gwanjo. Me suka tsinana mini? Da digirina na tsufa ina gadin wurin ajiye motoci. Abin da na ƙi rabuwa da shi kawai hoton zalɓen nan ne da ka saya mini a kasuwa.

Ka tuna gardamarmu a kansa? Na ce Baturen da ya zana shi, shekara ɗari da wani abu, ɓarawo ne. Fuka-fukan masu kusurwa daga sassaƙen Afirka ya kwaso su, farin filin da ya bari babu komai kuma na Japanawa ne, ya haɗa aka yi ta tafa masa wai sabon salo. Kai kuwa ƙafafun kake kallo, ɗaya cikin ruwa, ɗaya a ɗage. Ka ce ba a san ko sauka ya yi ko tashi zai yi ba, kuma wai mu ne, baƙi a ƙasar nan. Na ce soki-burutsu kake yi.

Nura, mijin Hafsatu, ya ce hoton mai rai ba zai hau bangonsa ba sai an ja layi a wuyansa, kamar yadda ake yi can ƙasarmu. Har ya ɗauko biro. Gidansa ne, me zan ce? Da ya sunkuya neman wuyan, sai ya tarar mai zanen ya riga ya tsaga shi da baƙin layi, kai gefe, jiki gefe. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce ai wannan yankakke ne. Da kansa ya kawo guduma da ƙusa.

Ranar da ka ba ni shi tsiya na yi maka, ban gode ba. To na gode, Bala. A duk gidan nan shi kaɗai ne nawa, kuma yana daidai inda nake fara buɗe ido da safe.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka.

Naka, abokin gardamarka,
Isyaku