Ɗana Ya Yi Kwana Biyu a Duniya

Zuwa ga Shugaban Sashen Ajiye Bayanai na asibitinmu da ke Kafanchan.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, ni manomi ne daga wajen Kagarko. Na ɗan taɓa boko, shi ya sa nake rubutowa da hannuna.

Na farko. Da daminar bana maiɗakina ta haihu a asibitinku ranar Talata, ɗa namiji, bayan shekara tara muna jira. Ina Kwoi wajen citta, saƙo bai same ni da wuri ba. Na iso Alhamis da hantsi, na tarar ya koma. Ban samu yi masa huɗuba ba, balle a kai ga ranar suna.

Na biyu. Kun kawo kwamfuta, kun tsara mata fom na shigar da sababbin haihuwa. Malama Saratu mai shigar da bayanai ta gwada sau uku a gabana. Muddin gurbin suna babu komai, na'urar ba ta karɓa. Sai in an zaɓi layin waɗanda aka haifa ba rai, shi kaɗai ke wucewa ba suna. Mutane na jira a bayana, ta zaɓi wannan, tana ba ni haƙuri. Ban ga laifinta ba. Amma wanda ya tsara fom ɗin, a garinsu da suna ake faɗowa duniya?

Na uku. Takardar da kuka ba mu ta ce an haife shi ba rai. Ranka ya daɗe, yaron nan ya yi kuka, ya sha nono kwana biyu, ya riƙe yatsan uwarsa. Ni ban gan shi da rai ba, shaidata ke nan ita da takardarku, ga shi kuma sun saɓa. Wannan ya fi mutuwar ci mini rai.

Roƙona, a buɗe gurbi don jariran da suka rasu kafin suna, a kuma sake mana takarda ta gaskiya. Maiɗakina ba ta karatun boko. Ta naɗe waccan a sabon zane ta adana, kullum sai ta ce in karanta mata abin da aka rubuta a kan ɗanta. Wata uku ke nan ina ce mata tabarauna ya ɓata. Jiya ta sayo mini sabo a kasuwa.

Allah Ya raya muku naku, Ya sa ku ji ƙaina.

Wassalam.

Naka,
Buba Ardo Sale