Takardar da ta fito da Umaru

Daren Talata, Bagudo

Yau 'yan doka sun kama Ɗanjumma da atamfar Dahome ƙarƙashin buhunan gero. Shi ne fa bara ya ce Umaruna ya tsallaka iyaka da bijimin sata, yaro ya kwana tara a ɗaure ba wanda ya tambaye shi komai. Sai da na je da takardar tsarin mulki da malamin makaranta ya kwafe mini, na karanta musu ina tuntuɓe, ni lauya mai aji biyu: ba a ajiye mutum ba a kai shi gaban alƙali ba, kuma ba shi da laifi sai an tabbatar.

Da la'asar sai ga matar Ɗanjumma ta durƙusa a zaure. "Baban Umaru, don Allah ka tai ka karanta musu takardar nan."

Ni da nake so a zane shi tsakiyar kasuwa. Na duba takardar sama da ƙasa ko an ce ban da munafukai. Ba a ce ba.

Zan je. Amma tabarau ya ɓace mini, kuma jikina na ba ni sai ya kwana tara zan gan shi.