Inda Yaya Yake Ɗaukar Waƙa

Asabar, 4 ga Mayu

Kai da ka buɗe littafin nan ba da izinina ba, tunda ka riga ka buɗe, amsa min: ka taɓa tsayawa gaban mutanen da bakinsu ke cike da abinci, kana rera waƙar da ba kai ka yi ba, a inda muryarka ba ta kaiwa? In ba ka taɓa ba, rufe ka mayar ƙarƙashin katifa inda ka ɗauko.

Yau ma muryata ta tsage. A wuri ɗaya, kamar kullum.

Mu uku ne yanzu a farfajiyar gidan abincin nan duk Asabar da la'asar: ni da jita da makirfo, sai Mai Fiyano, sai Mai Ganga. Da mu huɗu ne. Na huɗun Yaya ne, wana uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ne mai waƙar, ni ina bayansa ina kaɗa jita, ko launin rigata ba wanda ya sani. Tsofaffin waƙoƙi muke yi, na mutanen da yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya, irin waɗanda iyayenmu suka yi samartaka da su. Akwai wadda muke kira waƙar tasha, ta wani da ya raka masoyiyarsa ya tsaya har motar ta ɓace. Wajen ƙarshe tana da wani hawa da muke ce wa tudu. Yaya yakan haye shi kamar mai hawa matakalar gidansu, har ya waigo ya kashe min ido. Ni ina kaiwa rabi sai muryar ta yi ƙara irin ta ƙofar ƙarfe da ta sha damina.

Wani mai tumbi a teburin gaba ya ajiye cokali ya yi ta dariya har da dukan cinya. Na so in sauko in tambaye shi ko ya taɓa hawa wani abu a rayuwarsa ban da sikeli. Ban sauko ba.

Talata, 7 ga Mayu

A shagon hoton takardu da nake aiki, duk abin da aka kawo sai na karanta kafin injin ya gama tofar da shi. Haka na yi karatuna tun da na bar makaranta, kuma na fi wasu masu takardun sanin abin da ke cikinsu. Yau wata ɗalibar aikin jinya ta kawo babi guda a kan maƙogwaro. Wai in mutum ya matsa wa murya a inda ba nata ba, jijiyoyin kan kumbura, har su yi kanta irin ta yatsuna. Wai wani lokacin ba ta dawowa.

Na ba ta takardunta na ce wanda ya rubuta wannan bai taɓa waƙa ba. Ta ce ita dai ta ji muryata kamar ta mai mura.

Laraba, 8 ga Mayu

Yaya ya wuce ta gaban shago a motar kamfanin da yake tuƙawa. Ya danna hon, ya ɗaga hannu. Hon ɗin ne ya zama bakinsa yanzu.

Alhamis, 9 ga Mayu

Gwaji a garejin Mai Fiyano, tsakanin tsohuwar firji da keken jikarsa. Dattijo ne, ya girmi Baba, shi ya sa ba na iya gaya masa rabin abin da ke bakina.

Ya sake kawo maganar. Akwai ɗan ƙarfen da ake matse wuyan jita da shi. In ka tura shi gaba waƙa ta yi sama, in ka ja shi baya ta sauko. Yaya a can gaba yake son sa, har fentin wurin ya goge. Mai Fiyano ya ce in ja shi baya kaɗan, shi kuma ya danna maɓalli ɗaya a fiyanonsa, shi ke nan an wuce wurin. Ya ce masu cin abinci ba su san sama ba, ba su san ƙasa ba, abin da suka sani kawai in ta tsage.

Na ce in muka sauke, ranar da Yaya ya dawo fa? Ya tarar an sauya masa komai, hannuna ya manta inda yake ɗauka?

Ya cire tabarau ya goge da bakin riga ya ce, "Ɗana, wa ya ce maka zai dawo?"

Mai Ganga ya sunkuya yana ɗaure abin da yake a ɗaure.

Ba wanda ya ce min. Amma ina wurin ranar da ya bari. Muna gamawa ya naɗe wayar makirfo a gwiwar hannu kamar kullum, ya miƙo min ya ce in riƙe masa, ya fita ta ƙofar kicin. Tun kafin matarsa ta haihu ne, ga yarinya har ta fara rarrafe. Bai ce ya gaji ba, bai ce an ɓata masa ba. Riƙewa aka ce in yi, ina riƙe.

Asabar, 11 ga Mayu

Ta tsage a waƙar tasha, ta kuma tsage a wata da ba ta taɓa tsagewa ba.

Mai Wuri, wato mai gidan abincin, ta kira ni bayan kantar da ake jera faranti. Ta fara da yabo, daga nan na san akwai magana. Wai hannuna a jita ba na biyunsa. Wai tana jin nauyinmu saboda Yaya ne ya fara kawo kiɗa wurin tun ba kowa sai kujeru. Amma wai mutane hutawa suke zuwa yi, ba su zo su ji tausayin kowa ba. Ta ba ni zuwa Asabar ta farkon watan gobe. In ba a gyara ba, akwai wasu samari masu kwamfuta da suke ta yi mata sintiri.

Tausayi. Ni ake tausayi. Na ce mata na gode, Hajiya. Ban san bakina ya iya wannan ba.

Lahadi, 12 ga Mayu

Gidan Yaya. Anti, matarsa, ta zuba min abinci kamar wanda ya dawo daga yaƙi. Shi kuwa ya yi min zancen tayar baya, ya yi min na shugaban direbobinsu, ya yi min na haƙorin yarinya da ke shirin fitowa. Na ce masa Mai Wuri na neman korar mu. Ya ce Allah ya kyauta. Na ce Asabar ɗaya kawai, ya zo ya yi waƙa biyu ya tafi, ko zama ba sai ya yi ba.

"Ci abincinka, auta, yana hucewa."

Na ci. Me zan yi? Da wani ne da na kife masa farantin a ka.

Laraba, 15 ga Mayu

Lokacin muna yara ɗakinmu ɗaya. Akwai wata rediyo mai karyayyar eriya, ba ta kamawa sai an riƙe guntun ƙarfen da hannu. Ni ne mai riƙewa. In tsaya kan akwati hannuna a sama har ya sage, shi yana kwance rigingine yana bin waƙa, in na motsa ya jefe ni da takalmi. Ban taɓa jin haushi ba. In ya hau sama sai in ji kamar da hannuna yake hawa.

Ban san me ya kawo wannan yau ba. Injin ya cinye takardar wani lauya, ya zage ni, na rama.

Juma'a, 17 ga Mayu

An kai mu walimar sallamar wata shugabar makaranta da ta yi ritaya. Zaure mai amsa kuwwa, kujerun roba, lasifika ɗaya tana tari. Na lallaɓa, na zaɓi waƙoƙi masu sauƙi, na tsallake ta tasha. Muna naɗe kaya wata tsohuwa mai sanda ta kama min hannu ta ce ina dogon nan mai murya, wanda in ya ɗaga sai tsigar jikinta ta tashi? Na ce yana nan lafiya. Ta ce in gaya masa mijinta da waƙar nan ya nemi aurenta, kuma tun da ya rasu a bakin dogon kawai take jin ta daidai.

Na ce zan gaya masa. Ba zan gaya masa ba. Me ya yi da zai samu wannan?

Asabar, 18 ga Mayu

Na tashi ba murya. Iska kawai. Na sha ruwan ɗumi da zuma har cikina ya kumbura.

Kiɗa zalla muka yi. Da muka shiga waƙar tasha sai mutane suka ɗauka da kansu, daga teburin can baya, har ma'aikatan kicin suka leƙo. Suna zuwa tudu kowa ya bi ta ƙasa abinsa, ba kunya ba tsoron Allah, suna tafa wa kansu. Mai Fiyano ya kalle ni ta saman tabarau. Na kalli tsirkiyar jita.

Su ai ba waƙa suke yi ba, hayaniya ce mai tsari.

Talata, 21 ga Mayu

Da biro nake magana da masu kawo takardu. Maigidana ya ce bai taɓa jin daɗin zama da ni kamar wannan makon ba.

Asabar, 25 ga Mayu

Muryar ta ɗan dawo. Na hau, na faɗo. Samarin nan masu kwamfuta suna zaune a gefe suna shan lemo, ɗayansu yana auna dandalin da ido kamar mai shirin sayen fili.

Lahadi, 26 ga Mayu

Mama ta aike ni gidan Yaya da maganin yarinya. Da hantsi ne, ƙofa a buɗe, ban yi sallama da ƙarfi ba saboda maƙogwaro. Ina cikin lungun da ke kaiwa tsakar gida na ji.

Yaya yana shanya kayan yarinya, ita tana cikin baho tana dukan ruwa. Waƙar tasha. Rabona da jin ta a bakinsa tun ranar makirfo. Na jingina da bango kusa da tsintsiya, ina jin yatsuna suna kama tsirkiyar da babu. A inda ya saba ya ɗauke ta, can sama. Na ce a raina, to, ga shi nan, ashe ƙarya ce, ashe tana nan.

Ya zo tudu. Ya hau rabi.

Ta tsage. A wurin da tawa take tsagewa, ba gaba ba baya.

Ya matse wata 'yar riga da ba ta da sauran ruwa. Can ya yi gyaran murya ya ƙarasa wa yarinyar a ƙasa, a hankali, kamar mai ba da haƙuri.

Anti ce ta fito daga kicin ta gan ni. Ba ta kira shi ba. Ta ja ni zuwa bakin ƙofa ta karɓi maganin, ta ce tun kafin ya bari muryar take yi masa haka. Wai a banɗaki yake gwadawa ya sakar da famfo don kar ta ji, in ya fito ya wuni ba magana. A wajen wasa da ƙyar yake haurawa, ya dawo gida yana riƙe da wuya. Ya ce gara ya bari tun mutane suna tuna ta yadda take.

Na ce to don me bai sauke ba? Abin da maɓalli ɗaya ne?

Ta kalle ni sama da ƙasa ta ce, "Jininku ɗaya, ni kake tambaya?"

Ban shiga ba.

Litinin, 27 ga Mayu

Kashe min idon da yake yi a saman tudu. Ashe yana jin zafi lokacin.

Laraba, 29 ga Mayu

Ya sani. Abin da ke cina ke nan. Duk Lahadi ina zaune a gabansa ina magana kamar wanda aka shaƙe, ya san daga ina, ya san ƙarshenta, shi ya fara bin hanyar. Kalma ɗaya. Auta, sauke. Ya gwammace in yage maƙogwaro ina gadin wurin da shi kansa ba zai iya tsayawa ba, da dai in san wana ya gaza a wani abu. Wai ci abincinka.

Na rubuta masa saƙo mai tsawo a waya, har da kalmomin da na tsinta a takardun lauyoyi. Na goge. Na rubuta "Yaya". Na goge.

Kewarsa nake ji, abin haushin. Yana nan tsallaken titi biyu, ina kewarsa kamar wanda ya yi ƙaura.

Lahadi, 2 ga Yuni

Jiya an yi wasan. Mai Wuri ta ce sai Asabar mai zuwa, ta aiko mana da shayi ba mu tambaya ba.

Ƙarfen nan na wuyan jita ya tsufa, bakinsa ya saki, a can gaba ba ya kamawa sosai. Dole na ja shi baya. Wannan ne kawai dalili, kuma haka na gaya wa Mai Fiyano. Ya ce ai ƙarfe ma yana gajiya, ya danna maɓallinsa bai kalle ni ba. Na gode masa da rashin kallon.

A ƙasa wata waƙa ce daban. Mutumin ba ihu yake bin motar da shi ba, tsaye yake kawai yana faɗa wa kansa. Ban ce ta fi ba. Na dai kai ƙarshe da sauran numfashi, ban san me ake yi da shi ba, sai na waiga baya. Ba kowa sai Mai Ganga.

Yaya, ba a waya za mu yi maganar nan ba, ba ta bakin Anti ba. Asabar da la'asar ka zo ka zauna a teburin gaba. Zan ɗauke ta a inda nake ɗauka yanzu, nan ɗin kai ma kana kaiwa, na ji da kunnena. In na ɓata maka waƙa, tashi a gaban Mai Fiyano da Mai Wuri da duk masu cokula ka ce na ɓata. In ban ɓata ba, ka faɗa musu don me ka bar ni ni kaɗai a can sama. Makirfo biyu zan sa. Ka amsa a ciki kowa ya ji.