Abin da Zai Ɗauki Motar Marwan

Matameye, Litinin.
Aikin farko yau: kankare jinin da ya bushe a daɓen garaji.

Zuwa ga ƙanena Hamisu, a Jado.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ya aikin zinariya, ya zafin rami? Na yi ta kiranka rezon waya bai kai inda kake ba, shi ya sa na ba direbobin Agadas wannan takarda.

Ka daure. An yanke wa Habibu ƙafar dama daga gwiwa. Yana da rai, an sallamo shi daga asibiti, yana ɗakin Inna.

Ga yadda aka yi. Marwan, mijin ƙanwarmu Najaha, ya kawo motarsa ta ruwa-ruwa, wadda yake shigo da fetur da ita ta iyakar Ɗan Barto. Ka san an yi mata waldar tankuna a ƙarƙashin kujerun baya. Ya ce tana yoyo. A gabana Habibu ya tambaye shi ko ya sauke kayan. Ya ce, “Fanko take, ƙanen matata. Shiga ka duba, sauri nake.”

A cike take. Kirik, wato jak, ya ɗaga ta, Habibu ya shiga ƙasa, sai kirik ɗin ya yi ƙara, ya lanƙwashe. Na ji karyewar ƙashi kafin in ji ihunsa. Da mu da maƙwabta muka taru muka kasa ɗaga ta. Sai da muka sa tiyo muna zuƙe fetur cikin bokitai, shi yana ƙasa yana kiran Inna, jini da fetur suna gangarowa tare zuwa bakin ƙofa.

Na yi rantsuwa ba wanda zai sake shiga ƙarƙashin kirik a gidan nan. Ina so in sa injin ɗaga mota, wanda masu garaji a Damagaram suke ce wa fon. Akwai mai ƙafa biyu, akwai mai ƙafa huɗu, ko kuma a haƙa rami kamar na tasha. Na zana su duka a takarda, na kasa tsayawa a kan ɗaya. Wataƙila ba wannan ya kamata in sa a gaba ba, amma in ban auna wani abu ba, ba na iya zama. Mene ne ra'ayinka?

Inna tana sa maka albarka. Ka huta lafiya.
Yayanka, Munkaila.

*

Jado.

Yaya Munkaila,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta same ni ina fitowa daga rami. Na karanta rabi na zauna a ƙasa. Da na karanta sauran, saura kaɗan in yaga ta. An datse ƙafar autan Inna, kai kana tambayata ƙafa biyu ko ƙafa huɗu? Abin da suka koya maka a kolej ke nan?

A nan akwai wanda ya saki igiya da mutum a cikin rami don ya kunna taba. Ba wanda ya kira jandarma. An ɗora hannunsa a kan dutse, aka miƙa wa ɗan'uwan mamacin guduma. Har yau yana nan yana sayar da shayi da hagu, kuma ba a sake sakin igiya ba.

Kai me ka yi? Ka wanke daɓe.

Ka amsa min abu ɗaya. A ina Marwan yake kwana? Ina tattara kayana.

Ka gaida Inna. Ka ce wa Habibu ina tafe.
Hamisu.

*

Matameye, Asabar.

Ƙanena Hamisu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina roƙon Allah ya sanyaya maka. Ba zan amsa tambayarka ba. Amma tunda jini kake nema, an ƙara zubar da shi.

Marwan ya zo dubiya da kaji a hannu. Ya tsuguna ya ce, “Sannu, ƙanen matata. Ƙaddara ce.” Bai ko numfasa ba ya juyo wajena. “Malam Munkaila, motar fa? Har yanzu yoyo take, ga kasuwa tana wuce ni.”

Habibu ya ce, “Matso, ban ji ba. Da kunnen suka haɗa suka yanke.”

Ya matso. Habibu ya zaro kile, wato sufana, daga ƙarƙashin tabarma ya dasa masa a baki. Haƙora suka zubo a kan tabarmar Inna. Kajin suka kuɓuce suna tsalle cikin jinin.

Washegari da hantsi yaran Marwan suka karya ƙofar garaji. Na tsaya a gaba ina cewa a zauna a yi magana. Suka kayar da ni, ɗaya ya taka min wuya, sauran suka yi ta zabga min tiyo har na daina ƙirgawa. Suka ja motar suka tafi. Najaha ta biyo bayansu da goyo, ta tsaya a tsakiyar titi ta rasa ƙofar da za ta nufa.

Duk da haka na je Damagaram na duba injinan. Rami ya fita: tururin fetur a ƙasa yake kwanciya, tartsatsi ɗaya ya isa, kuma Habibu ba zai iya sauka ba. Mai ƙafa biyu yana riƙe mota ta ciki, yana so nauyin gaba da na baya su daidaita. Motocinmu kuwa duk nauyinsu a baya yake, kuma masu su ƙarya suke yi. Mai ƙafa huɗu ana hawa da tayoyi, yana da haƙoran ƙarfe da ke kama shi a kowane mataki, sai dai yana son kankare mai kauri, kuma zai cinye wurin awakin Inna.

Shekara mai walda ya ce in bar kayan Turawa. Ya ƙera nasa da bututun ɗaga tipa. Yana da ƙarfi, amma babu haƙora. Na ga ya murɗe famfon, mota ta faɗo gaba ɗaya, ƙasa ta girgiza. Ya yi dariya ya ce, “Sauri ke nan, Malam.”

Zuciyata ta fi karkata ga mai ƙafa huɗu, amma ka san ni, gobe ina iya warwarewa.

Allah ya kawo ka lafiya.
Munkaila.

*

Agadas.

Yayana Malam Munkaila,

Assalamu alaikum warahmatullah. Ina gaishe ka da girmamawa, ya jikin? Ka yafe min kalaman da na rubuta. Zafi ne. Na yi tunani a hanya, na ga kai ne da gaskiya.

Ka sayi na Shekara, ni zan ɗauki nauyinsa. Ɗan gari ne, in ya lalace yana kusa. Ka tambaye shi ko zai sa famfon daga gefe, inda mutum zai tsaya a waje.

Sannan a shirya da Marwan, suruki ne. Ka aika masa cewa ranar da na iso ya kawo motar a gyara masa kyauta, kuma ba sai ya wahalar da kansa da sauke kaya ba. Na san shi, ba ya yarda da makanike. Sai ya shiga ƙasa da kansa ya nuna wurin yoyon da yatsa.

Ina gaida Inna da Najaha da ’ya’yanta.
Ƙanenka mai biyayya, Hamisu.

*

Matameye, Laraba.

Hamisu,

Wa alaikumus salam. Na ba wani ya jira ka da wannan a tashar Damagaram.

Da na karanta takardarka na yi hamdala, har na ɗauki awo zan tafi wajen Shekara. Na tsaya na karanta wa Habibu. Ya yi dariya har dungulmin ƙafarsa yana rawa. Ya ce, “Yaya, duk garin nan kai kaɗai ne ba ka san ƙanenka ba. Yaushe Hamisu ya taɓa ce maka Malam?”

Na sake karantawa a hankali. Sai na gane tarko ne ka haɗa wa Marwan.

Na ce masa, “To kai me ka ce?”

Ya ce, “Ka saya. A ɗora ni a kujera kusa da famfon. Ni zan murɗe.”

Ku biyu ke nan, ni ɗaya. Ban san ko ina da gaskiya ba. Har yanzu ba na iya juya wuyana, kuma ni ma in na tuna “fanko take” sai in ji ina son ganin ƙarfen nan a kan ƙirjinsa. Amma na ga abin da mota take yi wa mutum, ni na kankare jinin da wuƙa. Ba zan kafa abin yanka a gidan Inna ba, in maida Najaha mai takaba, in maida ku masu kisa.

Na ba da odar mai ƙafa huɗu. An kwashe awaki, an fara haƙa wurin kankare. Na kuma je Ɗan Barto na gaya wa Najaha komai, na ce mijinta ya ƙetare iyaka. In akwai wanda za ka daka, ina gida.

Yayanka, Munkaila.

*

Asibitin Damagaram, Lahadi.

Yaya,

Salamu alaikum. Ya hannun? Rubutowa na yi don kada Inna ta ji a waya.

Da Yaya Hamisu ya daka maka hannu ya bar ka kwance a garaji, wajenmu ya yi. Da azahar ya iso, jininka bai bushe a kan digarsa ba. Ya ture ƙofa yana cewa, “Ina shegen?” Na ce ya tafi. Ya shiga ɗaki ɗaki, ya sari gado, ya sari randa, yara suna ihu a bayana. Na riƙe rigarsa na ce, “Yaya Hamisu, don darajar Inna.” Ya wurgar da ni kan turmi.

Sai ya ga motar a ƙofar gida. Marwan ya gudu bai sauke ta ba. Ya sare tankin da diga, fetur ya wanke masa wando. Maƙwabta suna ce masa kada, kada. Ya ƙyasta ashana.

Yaya, ban ga motar ba, shi na gani. Yana gudu yana ci da wuta, maza suna bin shi da ƙasa da buhuna. Da suka kayar da shi fatar hannuwansa ta biyo rigar.

Likita ya ce zai tashi, hannuwan ne bai sani ba. Akwai jandarma a bakin ƙofa. Ni ke ba shi kunu a baki. Yana sha, ba ya kallona. Mijina kuwa ko kira bai yi ba.

Ka turo zannuwa masu laushi.
Ƙanwarka, Najaha.

*

Matameye, Talata.

Ƙanena Hamisu,

Assalamu alaikum. Ya jiki? Allah ya ƙara sauƙi. Najaha za ta karanta maka. Ka yi haƙuri da rubutun, da hagu nake yi. Mai ɗori ya ce yatsu biyu ba za su sake lanƙwasawa ba.

Marwan yana da rai a ƙetare. Ba ka kashe kowa ba, kuma haka zan faɗa wa jandarma. Maganar hannuna ba ta cikin ƙara. Na yi ta tambayar kaina ko da na yi shiru da yanzu kana da hannuwa. Da za a maimaita, ina jin Ɗan Barto zan sake zuwa.

Injin ya iso, yana cikin akwatunansa. Habibu bai yi min magana ba tun ranar, sai ɗazu ya leƙo a kan sanduna ya ce kankaren gefen gabas ya karkace. Na auna. Gaskiyarsa.

Yayanka, Munkaila.

Na gobe:
A fasa kankaren gabas a sake zubawa.
A nemo wanda zai riƙe min guduma.
Zannuwa masu laushi, motar Damagaram ta safe.
Ƙofar garaji, har yanzu a karye.
Wurin awaki.
A gaya wa Inna.