Tazarar da Kika Tafi da Ita daga Omdurman

Zuwa ga ƙawata Nafisa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan karatun digiri na biyu yana tafiya lafiya a ƙasar da kika je. Saƙonki ya iso tun makon jiya. Na karanta, na san amsar, na yi shiru. Yau zan ba ki, amma a nan shafina na sada zumunta, a gaban jama'a.

Kin ce ƙwayar jijiyar ƙwaƙwalwar da kika gina a kwamfuta ta haukace. Kamata ya yi idan an ba ta lantarki, ƙarfinta ya tashi daga wajen milibolt sittin da biyar ƙasa da sifili, ya buga sama wajen arba'in, ya dawo. Taki kuwa lambobinta sun wuce dubbai. Ga shi ranar Alhamis za ki tsaya gaban malamanki.

Kin tuna aikinmu na shekarar ƙarshe a jami'a? Nakan taso daga unguwarmu Hajj Yusuf, in sauya mota, in hau raksha mai ƙafa uku, in same ki a gidanku na Omdurman, bayan Kasuwar Libiya. Hajja, mahaifiyarki, takan ajiye mana jabana, gahawarmu, ta ce, "Ku yi sauri, ya banat, 'yan matana, wutar nan ba ta da alƙawari."

Batirin kwamfutarki matacce ne. Ita kuma kwamfuta taki-taki take bin lokaci, tana lissafi a kowane taki. Sai kika riƙa buɗe tazarar takin don aiki ya ƙare kafin a ɗauke wuta. Ƙwayarmu ta lokacin mai layin lissafi ɗaya ce, ta jure. Har yau da wannan tazarar kike aiki, alhali ta yanzu layi huɗu gare ta, kuma ƙofar da sinadarin sodiyam ke shiga ƙwayar tana buɗewa da saurin da babban taki ba ya iya bi.

Ni na rubuta lissafin wancan aikin namu, ke kika yi bayani ranar gabatarwa, domin muryata rawa take. Gurbin ƙaro karatu a ƙasar waje ɗaya ne, aka ba ki. Na duba ta kowace fuska, kin cancanta, kuma hakan ne ya fi yi mini ciwo. Ni ina shigar da sunayen kayan gyaran mota a wani gareji a Mantiƙa Sinaiya, unguwar masana'antu. Duk hoton da kika ɗora, nakan ƙara girmansa in karanta allon da ke bayanki, ko zan ga kuskure.

Da na samu kuskuren kuma, Nafi, ban ji daɗin da na zata ba. Kewarki na ji.

Ki mayar da tazarar kashi ɗaya cikin ɗari na milisakan. Ki bar kwamfutar ta yi aikinta a natse, can ba a ɗauke wuta. Idan malaminki ya tambaya wa ya gano, ki faɗi sunana, kada ki ce "wata ƙawata".

Allah ya buɗa miki baki ranar Alhamis, ya wanke mini zuciya, ni ma ya buɗa mini tawa ƙofar.

Taki, duk da haka,
Sa'adiyya
Hajj Yusuf