Jan Ƙwallon da ke Rufe Zoben Sukari

Brandon, Manitoba, Oktoba 1983

Yaya Orest,

Gaisuwa mai yawa. Ina Halya da yara, ya kuma ciwon bayanka? Perogin da ta aiko, 'yan curin fulawan nan masu cushen dankali, sun iso, na ci biyu, likita sai dai ya yi haƙuri.

Ido dai sai ƙara dushewa yake, ciwon sukarin nan bai bar ni ba. Ka tuna ƙwallayen katakon da nake koyar da ilimin sinadarai da su, baƙaƙe kabon, jajaye oksijin, waɗanda kake ce wa wasan yara? Jiya na ɗauko su in nuna wa aji yadda sukari ke naɗewa. Kabon shida ne a jere kamar sarƙa. Sai jan ƙwallon da ke jikin na biyar ya lanƙwaso ya kama na farko, sarƙa ta koma zobe. Ni kuwa ja da baƙi duk sun zame min toka-toka. Na haɗa baƙi da baƙi, na ɗaga sama ina ta zuba bayani, ba wanda ya ce uffan. Sai da aka tashi wata ɗaliba ta dawo ta ce, "Malama, naki fa ba ja a zoben." Tausayina suka ji, Yaya. Da dariya suka yi min da ya fi sauƙi.

Shugaban sashenmu zai zauna a ajina bayan Kirsimeti. In na sake kuskure, aikin ya tafi, kuma ban da ajin nan ba ni da komai.

Ƙanwarka,
Lesia

Dauphin, Nuwamba

Lesia uwar ilimi,

Muna lafiya. Halya ta ce biyun nan ƙarya ce, ta san ki.

Wai a kan wannan kike kuka, alhali yayanki kafinta ne? Na sassaƙa miki sababbi, suna cikin kwalin nan. Baƙaƙen na goge su sumul, jajayen na yi musu zane mai kaushi. Ko a cikin buhu kika sa hannu za ki gane su. Bar ido ya yi abin da ya ga dama, ki koyar da yatsunki. Ki faɗa wa shugaban naku ya zo da kujerarsa.

Allah ya ƙara sauƙi.
Orest

Dauphin, Janairu 1984

Lesia,

Gaisuwa. Kirsimeti ba ki zo ba, waya ba kya ɗauka. Kwalin ya iso kuwa? Mutumin ya zauna a ajin? Hankalina ba a kwance yake ba. In ban ji daga gare ki ba zan tako, ko da dusar ƙanƙara ta toshe hanya.

Yayanki,
Orest

Brandon, Fabrairu

Yaya,

Ina gaishe ku. Maƙwabciyata ce ke rubuta min wannan.

Kwalin ya iso, na gode. Na zube ƙwallayen a cinyata ina ta murzawa, na kasa gane mai kaushi da mai sumul. Likita ya ce ciwon ya kai ga jijiyoyin yatsu.

Shugaban bai sha wahalar zuwa ba, ni na je na same shi na ajiye aikin. Ka zo da motarka, akwai littattafai da yawa.

Lesia